Sardauna Ahmadu Bello: daga shari'ar jangali zuwa dokar hukunta 'yan damfara

Yawancinmu matasa mun san Sardaunan Sakkwato ne ta hotonsa da ke jikin naira 200, ko ta sunan jami'ar Zariya. Kaɗan ne a cikinmu suka san cewa an taɓa yanke masa ɗaurin shekara guda a kan zargin cin kuɗin haraji, kuma gwamnatinsa ce daga baya ta kawo dokar da ta fayyace abin da ake kira damfara da takardar jabu a kotunan Arewa.

An haifi Ahmadu Bello a Rabah, jika ne ga Sarkin Musulmi Abubakar Atiku na Rabah, daga zuriyar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Nan jiharmu ya yi karatunsa mai zurfi, a Kwalejin Katsina, ya gama a 1931 ya koma Sakkwato yana koyarwa a Midil. A 1934 aka naɗa shi hakimin Rabah. Da Sarkin Musulmi Hassan ya rasu a 1938 ya nemi gadon, amma Abubakar na Uku ya samu. Shi kuma aka ba shi sarautar Sardauna, aka tura shi Gusau ya riƙa duba gundumomin gabas.

A Gusau ɗin ne abin ya same shi. A 1943 aka zarge shi da karɓar jangali daga hannun Fulani bai kai baitulmali ba. Kotun Sarkin Musulmi ta kama shi da laifi. Masu tarihi da dama na ganin tsamin takarar 1938 bai rasa hannu a ciki ba. Sardauna bai haƙura ba, ya ɗaukaka ƙara zuwa Zariya, wani matashin lauya daga Kudu mai suna Bode Thomas ya tsaya masa, kotu ta soke hukuncin. Abin da aka so ya binne shi sai ya ƙara masa farin jini. Ya shiga majalisar Arewa a 1949, ya zama Firimiya a 1954.

Ana gab da samun 'yanci, ƙananan ƙabilu suka nuna tsoron irin shari'ar da za a riƙa yi musu, domin kotunan alƙalai da na Turawa kowace da nata ma'aunin. A 1958 gwamnatin Sardauna ta gayyato kwamitin masana a ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat. Daga shawararsu aka samu kundin Final Kod, wanda majalisa ta amince da shi a 1959, ya fara aiki ranar 30 ga Satumba, 1960. An kwaikwayo shi ne daga na Sudan, na Sudan kuma daga na Indiya na 1860. A ganina mutumin da ya san yadda zargi ke koma wa hukunci ba zai raina amfanin rubutacciyar doka ba.

To, me kundin ya ce? Mu a baki komai 419 ne, alhali wannan lamba sashe ce ta dokar Kudu. A kundin Arewa na 1960 sashe na 320 ne, kuma kafin a ce mutum ya yi zamba sai an tabbatar da cewa ya yaudari wani, yaudarar ce ta sa wancan ya miƙa dukiya ko ya aikata abin da ba don ita ba da bai yi ba, sannan akwai mugun nufi tun farko. Nufin nan shi ne ƙashin bayan maganar. Wanda ya karɓi buhun masara bashi a kasuwar Dutsin-Ma da niyyar biya, damina ta ƙi shi ya kasa, mai bashi ne kawai, maganarsa ta kotun farar hula ce. Amma wanda ya nuna wa mai shago alat na bogi a waya ya ɗauki kaya ya haye babur zuwa Kurfi, ya cika sharuɗɗan kaf. Haka wanda ya karɓi kuɗi da alƙawarin samo wa yaro gurbin karatu, alhali tun lokacin ya san babu inda za shi. Kai, ko ƙarya ba ka furta ba, ɓoye gaskiya da mugun nufi ma yaudara ce a idon wannan doka. A kundin na 1960, hukuncin asali ɗaurin da zai iya kai shekara 3 ne, ko tara, ko duka biyun.

Abin lura, zargin da aka yi wa Sardauna bai faɗa ƙarƙashin wannan sashe ba. Da a ce kundin na nan a lokacin, cin amana za a kira shi, sashe na 311. Bambancin a nan yake: a cin amana dukiyar ta shigo hannunka ta halattacciyar hanya, daga baya ka karkatar da ita, a zamba kuwa ƙaryar ce ta riga miƙa dukiyar. Ma'ajin ƙungiyar ɗalibai da ya cinye kuɗin taro maci amana ne, ba ɗan damfara ba.

Takardar jabu kuma ta fi su zafi, kuma nan ne ɗalibai suka fi sakaci. Sashe na 362 zuwa 364 na kundin 1960 sun ce ƙirƙirar takarda, ko sa hannun wani, ko sauya abin da ke cikin ta gaskiya, da nufin cutar wani ko neman abin da ba haƙƙinka ba, laifi ne da ɗaurinsa ke iya kai shekara 14. Ba sai an kai ga cutar kowa ba fa, yin ta da wannan nufi ya wadatar. Sashe na 366 kuma ya haɗa da wanda ya gabatar da ita yana sane. Wato yaron da ya biya aka gyara masa sakamakon jarabawa a shagon kwamfuta, da mai shagon, layinsu ɗaya a gaban alƙali.

Bayan 'yanci Sardauna ya ƙi komawa Legas, ya bar wa Abubakar Tafawa Ɓalewa kujerar Firayim Minista, ya zauna Kaduna. Ya buɗe jami'ar Zariya a 1962, ministansa na ilimi kuwa shi ne Isa Kaita, wanda kwalejin ilimi ta Dutsin-Ma ke ɗauke da sunansa. Daren 15 ga Janairu, 1966, sojoji ƙarƙashin Manjo Nzeogwu suka afka gidansa suka kashe shi tare da matarsa Hafsatu. A gidan Sarkin Musulmi da ke Kaduna aka binne shi, gidan nasa kuwa shi ne yanzu ake kira Gidan Arewa.