A Tuna da Narambaɗa

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini don in tunatar da 'yan'uwa game da marigayi Ibrahim Narambaɗa.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne, ranar nan na shiga mota daga Kalgo za ni Gwandu ta'aziyya, sai direba ya sa waƙarsa. Ba mu yi nisa ba wani saurayi ya ce a canza, wai shi bai jin abin da tsohon yake faɗi. Wallahi abin ya dame ni, domin Hausar kakanninsa ce bai ji.

An haifi Narambaɗa a Tubali ta ƙasar Isa. Ya fara da waƙoƙin noma, sannan ya koma kiɗan fada da kotso, ya zama makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu. Shi ne ubangidansa, kuma yawancin waƙoƙinsa nasa ne. Ko da yake a fada ɗaya ya zauna, waƙarsa ta game ƙasar Hausa. Wanda duk ya saurari Bakandamiyarsa, ko waƙar Dokin Iska Ɗanhilinge, zai ji yadda yake ɗora magana bisa magana, ya yabi sarki, ya zambaci magauta, 'yan amshi na karɓa mai babu tuntuɓe. Ya rasu a farkon shekarun 1960.

To jama'a, da ba a ɗauki muryarsa ba, da yau sai labari. Ko littafin da Farfesa Aliyu Muhammad Bunza ya rubuta a kansa a 2009, waƙoƙin da aka adana su ne jarinsa. Mu nan ƙasar Gwandu, makaɗan fada nawa suka shuɗe da waƙoƙinsu a ciki? Ni kaina kaset ɗin da na gada wajen baba zafi ya lalata su.

Don haka ina kira ga masarautar Gwandu da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda ke nan kusa da mu a Kalgo, su tura ɗalibai su ɗauki muryoyin tsofaffin makaɗa da maroƙan da suka rage tun suna raye.

Allah ya jiƙan Narambaɗa, ya sa ya huta, amin.

Naku,
Mai karatu daga Kalgo, Jihar Kebbi.