Marigayi Farfesa Lambo: Likitan Da Ya Mai Da Ƙauye Asibiti

A wannan mako za mu kawo wa masu karatu tarihin wani likita Bayarabe, Farfesa Thomas Adeoye Lambo. Daga Gantsa, hedkwatar ƙaramar hukumar Buji, zuwa garinsu Abeokuta tafiya ce ta yini guda cur a mota, har da ɗoriya, kuma da wuya a sami mutum goma a kasuwar Gantsa da suka taɓa jin sunansa. Duk da haka aikinsa ya shafi kowane gida inda akwai wanda ya daina cin abinci, barci ya ƙaurace masa, ya daina shiga mutane, alhali babu zazzaɓi, babu rauni a jiki. Irin wannan hali shi ne likitoci ke kira ciwon damuwa mai tsanani. Lambo yana cikin mutanen farko da suka tabbatar wa duniya cewa baƙar fata ma yana kamuwa da shi, kuma yana da magani.

An haife shi a Abeokuta ranar 29 ga Maris, 1923. Ya yi karatu a makarantar sakandaren maza ta mishan ɗin Baftis da ke garin daga 1935 zuwa 1940, daga baya ya tafi Ingila, ya shiga jami'ar Birmingham, ya fito likita a 1948. Da ya dawo gida a farkon shekarun 1950 ya yi aikin gwamnati a Legas, aka kuma turo shi nan Arewa, ya yi aiki a Zariya da Gusau. A 1952 ya koma Landan don ya ƙware a kan ciwon ƙwaƙwalwa a asibitin Maudsley. Ya dawo a 1954, shi ne ɗan Nijeriya na farko da ya sami wannan horo.

Sai mun san halin da ya tarar kafin mu gane girman abin da ya yi. A zamanin Turawa, abin da gwamnati ta sani game da mai taɓin hankali shi ne a kulle shi don kada ya dami jama'a. Dokar mahaukata ta 1916 a kan wannan ta tsaya. Akwai gidan mahaukata a Yaba ta Legas, wanda aka buɗe a 1907, akwai wani a Kalaba, a wurare da yawa kuwa, har da nan Arewa, gidan yari ne makomarsu, tare da ɓarayi. Wanda aka bari a gida, sai mari ko turu a bayan ɗaki. Wannan duk ga wanda ke duka da jifa ke nan. Mai ciwon damuwa kuwa ba ya dukan kowa. Yana zaune shiru a lungu yana ramewa, saboda haka ba wanda ya lissafa shi cikin marasa lafiya, ba dangi ba, ba gwamnati ba.

Abin bai tsaya nan ba. Likitocin mulkin mallaka sun mai da wannan rashin lura ya zama kamar ilimi. Wani likita mai suna Carothers, wanda ya shugabanci asibitin Mathari a Nairobi ta ƙasar Kenya, ya rubuta littafi a 1953 a kan tunanin mutumin Afirka, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ce ta buga shi. A cikinsa ya nuna cewa ciwon damuwa abu ne mai wuyar samu a wurin baƙar fata, wai don ba ya ɗora wa kansa laifi, ba ya kuma tunanin gobe kamar Bature. Wato dai ba mu da zurfin zuciyar da za mu yi irin wannan ciwo. Lambo ya ƙi wannan magana tun yana saurayin likita, ya kuma nuna a rubuce cewa an gina ta ne bisa ƙyamar launin fata da kuma kallon 'yan tsirarun da aka kulle, ba bisa binciken jama'a a inda suke zaune ba. Abin mamaki, hukumar da ta buga littafin nan ita ce Lambo ya zama mataimakin shugabanta bayan shekara 20.

Da ya dawo a 1954 aka ba shi asibitin Aro, a gefen Abeokuta. Tushen wurin wani tsohon gidan yari ne a Lantoro, inda tun 1944 ake ajiye sojojin da suka dawo daga yaƙin duniya na biyu da taɓin hankali. Sabon ginin Aro bai ƙare ba, ga marasa lafiya suna zuwa. Wani zai zauna ya jira magina. Lambo ya tafi wurin dattawan ƙauyen Aro da wasu ƙauyuka uku na kusa, ya roƙe su su ba marasa lafiya hayar ɗaki a cikin gidajensu. Ba abu ne mai sauƙi ba, domin wa ke son mai taɓin hankali a tsakar gidansa? Amma ya yi musu alkawari ya kuma cika: an kawo musu ruwan famfo, an gina masai, an yi yaƙi da sauro, an ba su rance su ƙara ɗakuna, ga kuɗin haya. A ƙarshen 1954 aka soma.

Sharaɗi guda ya kafa, kuma a ganinmu shi ne ƙashin bayan aikin duka. Ba a karɓar mara lafiya shi kaɗai. Dole ya zo da wani nasa, uwa, ko yaya, ko gwaggo, wanda zai zauna da shi, ya dafa masa abincin da ya saba ci, ya wanke masa kaya, ya raka shi asibiti da safe. A asibiti a ba shi magani, a zauna a yi magana da shi, a ba shi ɗan aikin hannu. Da yamma ya koma ƙauye, ya ga yara suna wasa, ya ji daka, ya je kasuwa, ya shiga majami'a ko masallaci. Masu jinya suna ƙauyen dare da rana saboda abin da ka iya tasowa. Ranar da aka sallame shi kuma ba baƙo ne zai koma gida ba, domin wanda ya yi jinyarsa ya riga ya san maganin, ya san alamun da ke nuna ciwon zai dawo, shi ne kuma zai ba da shaida a gari cewa mutumin nan ya warke. Lambo ya lura cewa waɗanda aka yi wa jinya a ƙauye sun fi saurin samun sauƙi bisa waɗanda aka kulle a ɗakin asibiti, kuɗin da ake kashewa kuma kaɗan ne. Likitoci daga ƙasashe da dama suka riƙa zuwa kallo. A watan Nuwamba na 1961 ya kira taron farko na likitocin ƙwaƙwalwa na Afirka duka, a nan Abeokuta.

A wannan shekara ta 1961 ne kuma ya yi binciken da ya fi shafar maganarmu. Shi da Farfesa Alexander Leighton na jami'ar Cornell ta Amurka, tare da abokan aikinsu, suka bi ƙauyukan ƙasar Egba da cikin garin Abeokuta gida gida suna tambayar mutane lafiyarsu, sa'an nan suka gwada da irin binciken da aka yi a wani yanki na ƙasar Kanada. Littafin ya fito a 1963. Abin da suka tarar shi ne, cututtukan zuciya da tunani suna nan a ƙauyen Bayarabe kamar yadda suke a ƙauyen Bature. Game da ciwon damuwa kuwa, sun ga cewa babu kalma guda da ta tattara shi a bakin mutane, amma alamunsa ɗaya bayan ɗaya kowa ya san su.

Masu karatu za su gane wannan, domin haka abin yake a Hausa. Ba kasafai mutum zai je asibiti ya ce baƙin ciki ke damunsa ba. Zai ce kansa na zafi, ƙirjinsa ya yi nauyi, zuciyarsa na bugawa, wani abu na yawo a jikinsa, ba shi da ƙarfi, yana farkawa tun kafin zakara ya yi cara barci kuma ya ƙi dawowa. Sai a ba shi maganin zazzaɓin cizon sauro ko na taifot, ya sha, ya dawo, a sake ba shi. A gida kuma a ce sammu ne, ko iska, ko lalaci. A wannan zamanin ne wata likita Baturiya, Margaret Field, ta zauna a wuraren tsafi na ƙasar Gana, ta ga mata da yawa suna zuwa da ƙafarsu suna cewa su mayu ne, su suka cinye 'ya'yansu. Da ta bincika sai ta ga ciwon damuwa ne, domin wannan ciwo yakan sa mutum ya ɗora wa kansa laifin da bai yi ba. A cikin ikilisiya irin wannan mutum yakan ce Allah ya yashe shi, zunubinsa ya wuce gafara, 'yan'uwa kuma cikin kyakkyawar niyya su ce masa ya ƙara azumi, alhali mako uku ke nan bai ci abin kirki ba.

Lambo ya yi sa'a, aikinsa ya zo daidai da fitowar magunguna. Lokacin da ya soma, babban abin da ake da shi domin damuwa mai tsanani shi ne jinya da wutar lantarki a ka, wadda har yau ake amfani da ita ga wanda abin ya yi wa nisa, bayan an sa shi barci. A 1957 wani likita a ƙasar Suwizalan, Roland Kuhn, ya ba da rahoton ƙwayar imifiramin, bayanta kaɗan amitiriftilin ta fito, wadda har yanzu tana cikin masu araha a asibitocinmu. A ƙarshen shekarun 1980 aka sami fuluwoksetin da danginta. Waɗannan ƙwayoyi ba kamar maganin ciwon kai ba ne. Sukan ɗauki mako biyu zuwa huɗu, wani lokaci fiye, kafin a ji sauƙi, kuma akan ci gaba da sha wata shida ko fiye bayan an warware, domin wanda ya yanke da wuri ciwon kan dawo masa. A nan ne amfanin mai jinya na gida ya fito fili. Mai ciwon damuwa ya riga ya fid da rai, in an bar shi shi kaɗai zai ajiye maganin a kwana na biyar ya ce ba ya aiki.

Akwai wani ɓangare na aikinsa da ba kowane mai bi zai ji daɗinsa ba, kuma ba za mu ɓoye shi ba. Lambo ya jawo wasu masu maganin gargajiya ya yi aiki tare da su a Aro, ƙarƙashin idonsa. Dalilinsa shi ne, mutane wurinsu suke fara zuwa, su suka san harshen tsoron mara lafiya, kuma da a yi gaba da su gara a sa su cikin aikin a hana su duka da ɗauri. Takwaransa Tijjani Almahi ya bi irin wannan hanya a Sudan. Mutum yana iya ƙin wannan, amma darasin da ke ciki ya hau kan fasto da mai bishara da shugabar zumuntar mata ma, domin a yau su ne ƙofar farko da iyali ke ƙwanƙwasawa. Wanda aka fara zuwa wurinsa, shi ke da ikon ya riƙe mara lafiya har abin ya lalace, ko kuwa ya yi masa addu'a ya kama hannunsa zuwa asibiti.

Daga 1963 Lambo ya koma jami'ar Ibadan a matsayin farfesa, ya bar Aro a hannun Likita Tolani Asuni. Ya shugabanci jami'ar a lokacin yaƙin basasa har zuwa 1971, shekarar da ya tafi Hukumar Lafiya ta Duniya a Janiba. A 1973 ya zama mataimakin babban darakta, ya riƙe kujerar har 1988. Yana can aka yi taron Alma Ata na 1978, wanda ya ce a kai kiwon lafiya matakin farko kusa da talaka. A 1979, da aka fara ba da lambar yabo ta ƙasa ga masu ilimi, yana cikin waɗanda suka fara karɓa, tare da Chinua Achebe da Alhaji Abubakar Imam.

Tsarin ƙauyen Aro kuwa bai yaɗu yadda aka sa rai ba. Gari ya girma ya haɗiye ƙauyukan, haya ta yi tsada, gwamnatoci suka fi son ginin da za a yanke ƙyalle a buɗe. A 1991 Nijeriya ta sa lafiyar ƙwaƙwalwa cikin aikin ƙananan asibitoci, amma a takarda abin ya fi yawa. Lambo ya rasu ranar 13 ga Maris, 2004, saura kwana kaɗan ya cika shekara 81, tsohuwar dokar mahaukata ta 1958 tana nan daram. Sai a watan Janairu na 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta ba mara lafiya hakkinsa na mutum.

Ga mutumin Buji, hanya ta fi ta zamanin Lambo kusa. In baƙin ciki, da rashin sha'awar komai, da rashin barci sun wuce mako biyu, ko mace ta shiga wannan hali bayan haihuwa, likita a babban asibitin tarayya na Birnin Kudu ko a Dutse zai iya dubawa ya tura gaba. Jihar Jigawa tana da asibitin ƙwaƙwalwa a Kazaure, a Kano akwai na Dawanau da asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, a Kaduna akwai na Barnawa. In mutum ya fara maganar gara ya mutu, ba a jiran mako biyu, ranar za a tafi, kuma kada a bar shi shi kaɗai. Kamar yadda aka yi a Aro, wani nasa ya raka shi, ya shiga wurin likita tare da shi, ya riƙe katin, ya san ranar komawa.