Alhassan Ɗantata: Maraya daga Bebeji da ya sauya hanyar fataucin goro

An haifi Alhassan Ɗantata a garin Bebeji na ƙasar Kano a shekarar 1877, cikin zuriyar Agalawa, mutanen da suka yi fice a fatauci mai nisan zango. Mahaifinsa, Abdullahi, bafatake ne, kuma ya rasu tun Alhassan yana ƙaramin yaro. Bayan rasuwar, mahaifiyarsa ta koma Akra, ta bar shi a hannun wata baiwar Allah mai suna Tata, wadda ta raine shi. Daga sunanta ne ya samo laƙabin da duniya ta san shi da shi. Ya yi karatun allo a Bebeji, yana haɗawa da 'yan ƙananan saye da sayarwa don ya riƙe kansa.

Tun bai gama zama saurayi ba ya bi ayarin fatake zuwa Akra don ya ga mahaifiyarsa, tafiyar da ake kwashe watanni ana yi a ƙafa. Bayan dawowarsa, Yaƙin Basasar Kano ya ɓarke a 1893 tsakanin Tukurawa da Yusufawa. Yaƙin ya taɓa Bebeji, aka kama Alhassan cikin waɗanda aka kama, sai da aka fanshe shi. Ya fito hannu rabbana, ya sake ɗaura ɗamarar fatauci daga tushe.

A wancan zamani, fataken Kano sukan ɗora wa jakuna kanwa da tufafi da fatu, su nufi Gwanja, su dawo da goro. Hanya ce mai 'yan fashi da kuɗin fito a kowace ƙasa, ga goro ba ya jure zafi da jinkiri, sai an riƙa buɗe huhu ana yayyafa ruwa ana tsince wanda ya lalace. Duk da haka mafi yawan fatake sun gwammace wahalar da suka gada, domin sun san ta.

Ɗantata ya duba wata hanyar. Yana daga cikin Hausawan farko da suka riƙa loda goro a jirgin ruwa daga gaɓar tekun ƙasar da ake kira Ghana a yau zuwa Legas. Kasada ce babba: mutum ya danƙa jarinsa ga jirgin Turawa, ya bi teku, ya yi hulɗa da mutanen da bai san harshensu ba. Amma hanyar ta rage kwanakin tafiya da asarar kaya, ta ba shi damar juya kuɗinsa sau da yawa a shekara, alhali mai ayari yana juyawa sau ɗaya. Da layin dogo ya iso Kano a 1911, aka fara jigilar kaya a 1912, sai hanyar ta haɗe daga teku har kasuwar Kurmi. Shi kuwa ya riga ya san ta.

Jirgin ƙasan ya zo da wata damar. Turawan mulkin mallaka sun sa ran auduga za a riƙa fitarwa daga Kano, amma manoma suka karkata ga gyaɗa, saboda ta fi riba kuma ana iya cin ta in shekara ta yi tsanani. A 1918 kamfanin Niger Company, wanda daga baya ya narke cikin UAC, ya nemi Ɗantata ya zama mai saya masa gyaɗa. Ya karɓa, ya baza yaransa ƙauyuka da kuɗi a hannu tun kafin kaka. Wannan ma kasada ce, domin farashin gyaɗa a Turai ake yanke shi, kuma damina kan yi gardama. Abin da ya dogara da shi shi ne amanar da ya gina tsakaninsa da dillalai da manoma. Cikin 'yan shekaru ya zama babban mai sayen gyaɗa a Kano, kuma sunansa ya haɗu da dalar gyaɗa da birnin ya shahara da ita.

A 1929, lokacin da Bank of British West Africa ya buɗe reshe a Kano, yawancin attajirai a gida suke adana dukiyarsu. Ɗantata ya kai wa bankin kuɗin azurfa lodin raƙuma 20, abin da ya daɗe ana labarinsa a birni.

Ya rasu a Kano ranar 17 ga Agusta, 1955, ana lissafa shi cikin mafiya arziki a Afirka ta Yamma. 'Ya'yansa, ciki har da Sanusi da Aminu, suka ci gaba da riƙe kasuwancin gidan, kuma Aliko Dangote tattaɓa-kunnensa ne ta wajen uwa. Kasadar Ɗantata ba ta ganganci ba ce. Ya san goro da gyaɗa ciki da bai kafin ya zuba jari, ya kuma tsare alƙawari, shi ya sa duk lokacin da sabuwar hanya ta buɗe ake samun sa a kanta kafin saura su yanke shawara.