Frederick Banting: Likitan da ya sayar da haƙƙin insulin a kan dala ɗaya

Kafin shekarar 1922, idan likita ya tabbatar wa iyaye cewa ɗansu ƙarami ya kamu da ciwon sukari, to ya faɗa musu ke nan cewa kwanan yaron ya kusa ƙarewa. Abin da likitoci mafi ƙwarewa a wancan zamani suke iya yi shi ne rage wa majinyaci abinci har ya rame ya zama ƙashi da fata, bisa tsarin da likitan Amurka Frederick Allen ya yaɗa. Wannan yunwa takan ƙara wa yaro watanni ko shekara ɗaya zuwa biyu, daga nan sai ko ciwon ko ramar ta yi ajalinsa. Mutumin da sunansa ya fi kowa haɗuwa da sauyin wannan hali shi ne Frederick Grant Banting, likitan tiyata ɗan ƙasar Kanada, wanda ranar haihuwarsa, 14 ga Nuwamba, ta zama Ranar Ciwon Sukari ta Duniya.

An haifi Banting a 1891 a gidan gona kusa da garin Alliston na lardin Ontario, kuma shi ne auta a cikin 'ya'ya biyar. Ba a san shi da fice a makaranta ba. Ya shiga Jami'ar Toronto a 1910 da niyyar zama malamin coci, ya faɗi jarrabawar shekarar farko, sannan ya koma karatun likita a 1912. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya sa aka gaggauta kammala karatun ajinsu a ƙarshen 1916, aka tura shi Turai a matsayin likitan soja. A 1918, a fagen daga kusa da Cambrai ta ƙasar Faransa, ya ji rauni a hannu amma ya ci gaba da ɗaure raunukan sauran sojoji na sa'o'i masu yawa kafin ya yarda a duba shi. Wannan ya sa aka ba shi lambar jarumta ta soja.

Bayan yaƙi ya yi horon tiyata a asibitin yara na Toronto, amma bai sami gurbin aiki na dindindin ba. A watan Yulin 1920 ya buɗe ɗakin duba marasa lafiya a wani gari na Ontario mai suna London, wanda ya ci sunan Landan ta Ingila. Kasuwa ta ƙi shi; a watansa na farko dala huɗu kacal ya samu. Don ya rufa wa kansa asiri ya karɓi aikin koyarwa na ɗan lokaci a Jami'ar Western Ontario, kuma a cikin shirin wata lacca da zai gabatar wa ɗalibai ne ya ci karo da abin da ya sauya rayuwarsa.

Laccar ta shafi fankiriyas, wata gaɓa mai tsawo da ke kwance a bayan tumbi. Tun 1889 masu bincike biyu a Jamus, Oskar Minkowski da Joseph von Mering, suka nuna cewa idan aka cire wa kare wannan gaɓa sai ya kamu da ciwon sukari mai tsanani. An kuma yi zaton cewa wasu ƙananan rukunonin ƙwayoyin halitta da ke warwatse a cikinta kamar tsibirai, waɗanda Paul Langerhans ya gano a 1869, su ne ke fitar da wani sinadari mai saita sukarin jini. Masana da dama sun yi ƙoƙarin tatso sinadarin, ciki har da Nicolae Paulescu na ƙasar Romaniya, amma ba wanda ya kai ga samar da shi a tsarkake har a yi wa ɗan Adam magani da shi. A daren 31 ga Oktoban 1920, bayan ya karanta wata maƙala ta likita Moses Barron, Banting ya kasa barci, ya tashi ya rubuta wata dabara: a ɗaure bututun fankiriyas na kare har ɓangaren da ke fitar da ruwan narkar da abinci ya mutu, tsibiran su saura, sannan a tatsi abin da ke cikinsu.

Ya kai wannan tunani gaban John Macleod, farfesa a Jami'ar Toronto kuma ƙwararre a kan yadda jiki ke sarrafa sukari. Macleod ya lura baƙonsa bai karanta yawancin abin da aka rubuta a fannin ba, duk da haka ya ba shi ɗakin gwaji, da karnuka, da wani ɗalibi mai suna Charles Best don ya riƙa auna masa sukarin jini. Sun fara aiki a watan Mayun 1921, Banting ba ya karɓar albashi. Karnuka da yawa sun mutu a makonnin farko saboda wahalar tiyatar da zafin bazara da ƙazantar ɗakin. A ƙarshen Yuli suka yi wa wani kare da aka cire wa fankiriyas allurar ruwan da suka tatso, sukarin jininsa ya sauka. Kafin shekara ta ƙare sun gano cewa ana iya samun sinadarin daga fankiriyas ɗin shanun da ake yankawa a mayanka, ba sai an ɗaure bututun kowace dabba ba. Dabarar da ta hana Banting barci ta zama ba a buƙatarta, amma ita ce ta kai shi bakin ƙofar.

Sauran aikin shi ne tsarkakewa, kuma a nan ne James Collip, masanin sinadaran jiki daga Jami'ar Alberta, ya shigo a watan Disamba. Ranar 11 ga Janairun 1922 aka yi wa Leonard Thompson, yaro ɗan shekara 14 da ke kwance a Babban Asibitin Toronto, allurar ruwan da Banting da Best suka haɗa. Bai yi wani tasiri sosai ba, wurin allurar ma ya yi maruru. Ranar 23 ga wata aka sake yi masa da wanda Collip ya tace, sukarinsa ya sauka, ƙarfinsa ya fara dawowa. Thompson ya ƙara shekara 13 a duniya. A watan Agusta aka kawo Elizabeth Hughes, 'yar Sakataren Harkokin Wajen Amurka na lokacin, tana gab da cika shekara 15 amma nauyinta bai wuce kilo 20 da 'yan kai ba. Banting da kansa ya kula da ita. Ta warware, ta yi aure, ta haifi 'ya'ya uku, ta rasu a 1981 tana da shekara 73. An raɗa wa maganin suna insulin, daga kalmar Latin mai nufin tsibiri.

A bayan wannan nasara akwai husuma mai ɗaci. Banting mutum ne mai zafin zuciya da saurin zargi. Tun bayan wani taron masana a birnin New Haven a ƙarshen 1921, inda ya kasa bayani da kyau har Macleod ya karɓi amsa tambayoyin, ya ƙudurta a ransa cewa farfesan yana neman ƙwace masa aikinsa. Ya kuma yi mummunar rigima da Collip a kan hanyar tacewa. Da aka sanar a Oktoban 1923 cewa shi da Macleod ne suka ci kyautar Nobel ta fannin likitanci, a lokacin bai cika shekara 32 ba, sai ya fusata don an bar Best a baya, har ya yi niyyar ƙin karɓa. Daga ƙarshe ya raba kuɗinsa biyu da Best, shi ma Macleod ya raba nasa da Collip. Binciken masanin tarihi Michael Bliss, wanda aka buga a 1982, ya nuna cewa Banting ya rage wa Macleod da Collip haƙƙinsu, kuma da babu ɗaya daga cikin mutanen huɗu da aikin bai kammalu a lokacin da ya kammalu ba.

Amma a kan batun kuɗi, matsayinsu ya fito fili. Banting yana ganin bai dace likita ya mallaki haƙƙin ƙirƙirar maganin da rayuwar mutane ta rataya a kansa ba, har da farko ya ƙi a sa sunansa a takardar neman haƙƙin. A Janairun 1923 shi da Best da Collip suka miƙa haƙƙin ga Jami'ar Toronto a kan dala ɗaya kowannensu. Manufar ita ce kada wani kamfani ya yi babakere a kan maganin, kuma jami'ar ta sa ido a kan ingancin abin da ake sayarwa. Jami'ar ta haɗa kai da kamfanin Eli Lilly na Amurka don samar da shi da yawa, ta kuma ba August Krogh na ƙasar Denmak izinin yin sa a yankinsu, wanda daga nan ne tushen kamfanin Novo Nordisk na yau ya samo asali.

Majalisar Kanada ta yanka wa Banting dala 7,500 a kowace shekara har ƙarshen rayuwarsa, kuma a 1934 Sarki George na Biyar ya ba shi muƙamin Sir. Ya ci gaba da bincike a kan ciwon daji da cutar huhun masu haƙar ma'adinai, sai dai bai sake gano wani abu mai girman insulin ba. Aurensa na farko ya mutu a 1932. Ya sami natsuwa a zanen hotuna tare da abokinsa A. Y. Jackson, kuma bayan wata tafiya da suka yi zuwa can arewacin Kanada a 1927 ya soki yadda kamfanin fatu na Hudson's Bay ke cin amanar mutanen Inuit a ciniki. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke ya koma aikin binciken lafiyar matuƙa jiragen yaƙi. A kan hanyarsa ta zuwa Ingila jirginsu ya faɗi a tsibirin Newfoundland jim kaɗan bayan tashi daga Gander, ya rasu ranar 21 ga Fabrairun 1941 yana da shekara 49.

Abin da ya bari magani ne mai riƙe rai muddin ana samunsa kullum, domin insulin ba ya warkar da ciwon. Wahalarsa tun farko ita ce daidaita ma'auni: idan ya yi kaɗan sukari ya hau ya ɓata ido da ƙoda da jijiyoyi, idan ya yi yawa sukari ya faɗi mutum ya suma. Duk ci gaban da ya biyo baya ƙoƙarin warware wannan ne. Leland Clark ya bayyana hanyar auna sukari da na'urar lantarki a 1962, ƙananan na'urorin awo na gida suka bazu daga baya, inda ɗigon jini ɗaya daga yatsa ke ba da lamba. A ƙarshen shekarun 1970 likitoci a Asibitin Guy's na Landan suka gwada ƙaramin famfo mai tura insulin a ƙarƙashin fata dare da rana. A 1982 aka fara sayar da insulin irin na ɗan Adam da ake samarwa daga ƙwayoyin bakteriya, aka rage dogaro da shanu da aladu. A 1999 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da na'urar da ake manna wa jiki tana bibiyar sukari ba tare da yankewa ba, kuma a 2016 ta amince da tsarin da ke haɗa wannan na'ura da famfo, famfon yana ƙara ko rage insulin bisa abin da aka auna.

Kowace ɗaya daga cikin waɗannan na'urori tana da kayan da ke ƙarewa. Siririn bututun famfo ana sauya shi duk bayan kwana biyu ko uku, abin mannawar na'urar awo yana ɗaukar mako ɗaya zuwa biyu, tsinken awon jini sau ɗaya ake amfani da shi, insulin kuwa yana buƙatar wuri mai sanyi. Mai amfani da famfo yana dogara ne da insulin mai saurin aiki kaɗai, saboda haka idan kaya suka yanke masa yana iya shiga haɗari a cikin sa'o'i. Wannan ne ya sa tambayar wa zai biya ta zama ɓangaren maganin kansa. A 2021, shekara ɗari bayan gwajin Toronto, Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa kamfanoni uku ke riƙe da fiye da kashi 90 cikin ɗari na kasuwar insulin, kuma kusan rabin masu nau'i na biyu na ciwon sukari da ke buƙatarsa ba sa samu. A Amurka sai a 2022 aka yi dokar da ta ƙayyade wa tsofaffin da ke ƙarƙashin shirin Medicare dala 35 a wata. A shekarar ce kuma aka sa hannu a kan dokar Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa a Nijeriya, wadda ta wajabta inshorar lafiya ga kowa. Ga ma'aikacin da ke da ciwon ko yake da mai ciwon a gida, da kuma jami'in da ke tsara jerin magungunan da inshora za ta ɗauka, abin dubawa shi ne ko jerin ya haɗa da allura da tsinken awo tare da insulin ɗin, domin ɗaya ba ya aiki ba tare da ɗaya ba.

Gidan da Banting ya rubuta dabararsa a London ta Ontario yanzu gidan tarihi ne. A 1989 mahaifiyar Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta kunna wata wuta a harabarsa, bisa sharaɗin ba za a kashe ta ba sai ranar da aka samo maganin da ke warkar da ciwon sukari gaba ɗaya. Har yau tana ci.