Muhammadu ɗan Musa Alhawarizmi, Mai Littafin Aljabaru

An haifi Muhammadu ɗan Musa wajen shekarar 780 Miladiyya, kuma laƙabinsa yana nuna cewa asalinsa mutumin Hawarizam ne, wani yanki da galibinsa ke cikin ƙasar Uzbekistan a yau. A Bagadaza ya yi rayuwarsa ta ilmi, a Baitul Hikima, zamanin Halifa Ma'amun wanda ya yi mulki daga 813 zuwa 833. Ya yi rubutu kan taurari da labarin ƙasa da lambobin Indiyawa, amma abin da ya fi ɗaukaka sunansa shi ne littafinsa na Aljabaru wal Muƙabala, wanda ya wallafa wajen shekarar 820.

Shi dai wannan littafi don amfanin jama'a aka yi shi, watau masu rabon gado da 'yan kasuwa da masu awon filaye, har ma babban kaso daga cikinsa ya tafi ne a kan wasiyya da gado. Wani abin sha'awa shi ne babu alama ko ɗaya a cikinsa irin waɗanda ɗalibai suka saba gani a allo. Da zance tsantsa ya yi bayanin kome. Adadin da ake nema ya kira shi saiwa, in an ninka shi da kansa kuwa ya kira shi dukiya. A kan haka ya kasa matsalolin gida shida, ya ba kowane gida hanyar warware shi.

Ga misalin da ya fi shahara. Dukiya da saiwa 10 sun yi daidai da 39. Sai a raba 10 biyu a sami 5, a ninka 5 da kansa a sami 25, a haɗa da 39 ya zama 64. Saiwar 64 ita ce 8, in an ɗebe 5 saura 3. Bai tsaya nan ba, sai da ya zana murabba'i ya nuna dalilin da ya sa hanyar ta yi daidai.

Inda zurfin hankalinsa ya fi bayyana kuwa shi ne gidan da dukiya da 21 suka yi daidai da saiwa 10. A nan ya lura cewa amsa biyu ce, 3 da 7, kuma kowace ta cika sharaɗi. Ya kuma bayyana cewa in rabin adadin saiwoyin da aka ninka da kansa ya kasa adadin da ke tare da dukiya, to matsalar ba ta da amsa. In sun yi daidai, amsa ɗaya ce tak. Ashe tun a wancan zamani malamin ya gane cewa kafin a yi gaggawar ba da amsa, wajibi ne a duba ko bayanin da aka bayar ya isa ya tsayar da adadi guda. Irin wannan tambaya ce ake yi wa masu neman shiga digiri na biyu a jarrabawar GMAT. Sai dai ɗalibin da ya bi shi sau da ƙafa zai yi tuntuɓe, domin shi bai lissafa adadin da ke ƙasa da sifili a matsayin amsa ba. Misalinsa na farko, a ƙa'idar yau, yana da amsa ta biyu, watau -13.

Ya rasu wajen shekarar 850. A 1145 wani Bature mutumin Ingila, Robert na Chester, ya fassara littafin zuwa Latin a ƙasar Andalus, daga nan kalmar aljabaru ta shiga harsunan Turai ta zama aljebra. Sunansa ma Turawa suka lanƙwasa har ya zama algoridim, kalmar da masu ilmin kwamfuta ke kiran jerin matakan warware matsala da ita. Littafinsa na lambobin Indiyawa kuwa asalinsa na Larabci ya salwanta, ta hanyar Latin kaɗai aka san abin da ya ƙunsa.