Taƙaitaccen Tarihin Mujaddadi Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo da Wa'azinsa a Ƙasar Zamfara

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa muridai, an haifi Shehu Usmanu, Allah Ya yarda da shi, a Maratta ta ƙasar Gobir a shekarar 1754, ya tashi a Degel. Ya ɗauki ilimi wurin malamai da dama, cikinsu har da Malam Jibrilu ɗan Umaru, kuma ya riƙi ɗarikar Sidi Abdulƙadir Jilani har ƙarshen rayuwarsa.

Yana ɗan shekara 20 ya fara kiran mutane zuwa ga Allah. Bai tsaya a zaure ba, ya fita garuruwa da ƙauyuka yana karantarwa da Hausa da Fillanci. Ya yi kimanin shekara biyar a ƙasar Zamfara, maza da mata suna taruwa gare shi. Da Malam Mustafa Goni ya soki halartar mata, sai ƙanensa Abdullahi ya mayar da jawabi cewa barin su cikin jahilci ya fi muni.

Wajen shekarar 1788, Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malamai a Magami ranar Babbar Salla, ya yi musu kyauta. Shehu ya ƙi karɓar zinariya, ya nemi abubuwa biyar: a bar shi ya yi wa'azi, kada a hana kowa amsa kiransa, a girmama mai rawani, a saki 'yan kurkuku, a sassauta wa talakawa haraji. Sarki ya amince.

Daga baya Sarki Nafata ya hana kowa wa'azi in ban da Shehu, ya hana rawani da lulluɓi. Da tsanani ya ƙaru zamanin Yunfa, sai Shehu ya yi hijira zuwa Gudu a 1804. Ya rasu a Sakkwato a 1817. Cikin almajiransa akwai Malam Sambo Ɗan Ashafa, wanda ya kafa Gusau.

Don haka, ya masu wa'azi a kasuwannin Gusau da Tsafe da Bunguɗu, Shehu ya bar zinariya ne domin ya sami damar da kuke da ita yau. Ku tsare ta da ilimi da haƙuri, ku nisanci zagi da kafirta Musulmi, domin shi da kansa ya yi rubutu yana tsawata wa masu kafirta talakawa.

Allah Ya ba mu albarkacinsa, amin.