Ivan Pavlov (1849–1936): Ɗan Firist Da Ya Binciki Ƙwaƙwalwa

An haifi Ivan Petrovich Pavlov a garin Ryazan na ƙasar Rasha a watan Satumba na shekarar 1849. Mahaifinsa firist ne na Ikilisiyar Otodoks, mahaifiyarsa kuma 'yar firist ce. Da yake shi ne ɗan fari, kowa ya sa rai zai gaji mahaifinsa a aikin Ubangiji. Ya yi makarantar ikilisiya, daga nan ya shiga makarantar tauhidi ta garinsu. A can ne ya karanta littafin Ivan Sechenov a kan yadda ƙwaƙwalwa take sarrafa motsin jiki, sai hankalinsa ya koma ga kimiyya. A shekarar 1870 ya bar makarantar bai gama ba, ya tafi Jami'ar St. Petersburg.

A 1881 ya auri Serafima, mace mai riƙon bangaskiya. Sun sha talauci a farkon aurensu, ɗansu na fari kuma ya rasu yana ƙarami. Bayan ƙarin karatu a Jamus, aka ba shi shugabancin sashen nazarin aikin jiki a wata cibiyar binciken likitanci a St. Petersburg a 1891. Bincikensa a kan narkewar abinci a cikin karnuka shi ya jawo masa kyautar Nobel a 1904, ya zama mutumin Rasha na farko da ya same ta.

Amma abin da ya sa sunansa ya game duniya, cikin wannan aikin ya ɓullo. An lura cewa karnukan sukan fara zubar da yawu tun abinci bai shiga bakinsu ba, da zarar sun ga mai kawo shi. Pavlov ya ƙudura sai ya auna wannan al'amari. Ya sa ɗan bututu a kumatun kare domin a ƙirga ɗigon yawun, sa'an nan a kunna wata na'ura mai ƙara kamar bugun agogo dab da ba shi abinci. Bayan an maimaita sau da yawa, ƙarar kaɗai ta isa ta sa yawu ya zubo, wato ƙwaƙwalwa ta ƙulla ƙarar da abinci. Duk matar da kajinta suke sheƙowa da gudu in sun ji kiranta ta san wannan. Abin da Pavlov ya ƙara shi ne awo da ƙa'ida. Ya kuma gano cewa in aka yi ta kunna ƙarar ba abinci, yawun yakan daina zuwa, amma bayan an huta sai ya sake dawowa. Ashe abin da aka koya ba ya gogewa sarai, danne shi ake yi.

A watan Satumba na 1924 kogin Neva ya yi ambaliya, karnukan suka tsira da ƙyar. Bayan haka waɗansunsu suka rasa abin da aka koya musu, ɗan ruwa kaɗan da aka kwarara a ƙarƙashin ƙofa kuma ya sake tayar musu da hankali. Wannan ya kai Pavlov ga nazarin yadda firgita take barin tabo a ƙwaƙwalwa.

Bayan juyin juya halin 1917, gwamnatin kwaminisanci ta tsananta wa ikilisiya ƙwarai, amma ta girmama Pavlov, har Lenin ya sa hannu a kan dokar tallafa wa aikinsa a 1921. Duk da haka bai kame bakinsa ba. Da aka kori 'ya'yan firistoci daga makarantar likitancin soja inda yake koyarwa a 1924, sai ya ajiye muƙaminsa, domin shi ma ɗan firist ne. A ƙarshen 1934, a zamanin Stalin, ya rubuta wa shugabannin ƙasar yana tsine wa mulkin tsoro da kame-kame. Ya rasu ranar 27 ga Fabrairu, 1936, yana da shekara 86.

Wajibi ne mu faɗi gaskiya: Pavlov bai ɗauki kansa mai bi ba. Ikilisiya ta rene shi, ta koya masa horo da tsayawa kan gaskiya, amma tambayoyin ƙuruciyarsa a wani wuri ya je neman amsarsu. Matasanmu da suke tashi daga Sabon Wuse da Suleja zuwa jami'o'in Minna da Abuja za su gamu da sunansa a aji, za su kuma dawo gida da irin tambayoyinsa. Mutum ya fi dabba nesa, gama cikin siffar Allah aka halicce shi, amma abin da aka saba wa yaro yana daɗewa tare da shi, kamar yadda Karin Magana 22:6 ya koyar. Ya kamata iyaye da fastoci da malaman Lahadi su shirya amsa kafin yaran nan su tambaya. Ubangiji ya ba mu hikima. Amin.